Abarshi da Dodon Bayan Kamiyo

Duk wanda ya taɓa sauka a tashar Gure ya san Abarshi. In bai san fuskarsa ba ya san muryarsa, don tun ba ka sauko daga mota ba za ka jiyo shi yana ba wani labarin Libiya. Bawan Allahn nan ya je Sabha ya dawo hannu rabbana, sai wata 'yar bindigar feshin fenti da ba ta fi alƙalami girma ba, a naɗe cikin tsumma. Fistole yake ce mata. Ni dai abin da na ji daga waɗanda suka zauna da shi can, aikinsa a garejin wanke gwangwanayen fenti ne da dafa wa ma'aikata shayi. Amma in daga bakinsa ka ji, wallahi sai ka rantse shi ya shafa wa sama shuɗi.

"Can ba a ce mini Abarshi," in ji shi. "Artis ake ce mini. Na taɓa zana zaki a ƙofar wani Balarabe, karnukan unguwar duk suka yi ƙaura."

Matarsa Yakura, 'yar Barebari, ta sha labarin zakin nan har ya ginshe ta. Mahaifinta yana da lambu a kwari, dabino da rogo da albasa, ga shi tsufa ya kama shi, ba mai hau masa dabinon. Shi kuwa Abarshi, ko kan turmi ya taka sai jiri ya ɗebe shi. Ba abin da yake tsoro a duniya kamar dabinon surukinsa.

Wata safiya Yakura ta ajiye masa koko ta ce, "Maigida, damina ta wuce, kaka ta wuce, fistolen nan naka ko ƙuda bai fesa ba. Baba ya ce in ba sana'a, ka sauka kwari."

"Ni? Artis guda a kan bishiya kamar biri?"

"Birin ma ai yana kawo abinci gida."

Sai ga shi Allah ya kawo sanadi. Alhaji Isufu, Babarbare mai safarar kanwa da dabino zuwa Damagaram, ya sayo sabuwar kamiyo, wato babbar motar ɗaukar kaya. Motocin mutane kowacce da adonta a ƙofar baya, wata ɗawisu, wata zaki, tasa kuwa ƙarfe ne fili fetal. Ga kuma Husseini, Bafulatani dillalin shanu, ya sa shi gaba. Kun dai san tsakanin Fulani da Barebari, wasa ne na gado, kowa ya samu ɗan'uwansa a hannu ba ya raga masa. Kullum Husseini ya wuce sai ya ƙwanƙwasa ƙofar da sandarsa ya ce, "Babarbare ya sayi mota, kuɗin riga ya ƙare, ya bar ta tsirara."

Abarshi na jin haka ya faɗo tsakaninsu kamar an jefo shi.

"Alhaji, ba ni ƙofar nan. Zan zana maka Sarkin Dodanni a kan raƙumi mai fukafukai. Takobi a dama, walƙiya a hagu, wuta tana fita ta hanci."

"Hancin wa, dodon ko raƙumin?"

"Duka biyun, Alhaji."

"Zai tsorata Bafulatani?"

"In Husseini ya gan shi bai jefar da sandar nan ya ruga ba, ka aske mini gemu ba ruwa."

Alhaji ya ji daɗi har kunne. Ya ce in aiki ya yi kyau, zai kafa wa Abarshi rumfa a tasha, sauran motocinsa ma duk shi zai zana. Ranar kasuwa mai zuwa za a buɗe a gaban jama'a. Abarshi ya koma gida yana tafiya yana buɗa hannuwa kamar mai ƙuraje a hammata. Yakura ta saurara har ya kai aya, sannan ta ce ta yarda, amma da sharaɗi: in Alhaji ya karɓi aiki, ba ta ƙara yi masa zancen lambu har abada, in bai karɓa ba, washegari kwari. Abarshi ya ce ta je ta gaya wa Baba ya nemi wani birin.

Aka kwance ƙofar kamiyo, aka ɗoro ta a amalanken jaki, aka shimfiɗe a ƙofar gidan Abarshi. Fistole ba ya feshi sai da iska, saboda haka ya aro injin iskar Inusa mai faci, wanda ake hura tayoyin manyan motoci da shi.

Inusa ya ce, "In rage ƙarfin?"

"Ƙara dai. A Libiya wannan ai fifita ce."

Unguwa ta taru. Abarshi ya ɗaure hanci da rawani, ya sa baƙin tabarau, ya cika ɗan kofin fistole da koren fenti. Ya yi bismilla da ƙarfi don kowa ya ji, ya danna. Fuuu! Tiyo ya fizge ya yi sama kamar maciji, hannunsa ya bi, wani koren gajimare ya tashi, iska ta kwashe shi ta haye zanar maƙwabta. Ƙarfen da ake so a fesa ko ɗigo bai samu ba.

Can sai aka ji salati. Yabawa ce, maƙwabciyarsu, ta fito janye da ragon da take kiwo don layya. Da safe ragon nan fari ne ƙal, har wanka take yi masa da sabulu. Yanzu daga kai har bindi ya koma kore shar.

"Wane mara mutunci ne ya mai da mini rago alayyafo?"

"Haba Yabawa, daraja na ƙara masa. Duk faɗin Gure wa ke da koren rago?"

"Daraja? Tun ɗazu tumaki ke binsa suna gutsura! In suka cinye mini shi, kai zan yanka ranar Salla."

"A Libiya fa..."

"Ka sake ce mini Libiya, sai na kai ka can da taɓarya!"

Yinin ranar dai a wankin rago ya ƙare. Abarshi na cuɗa, rago na tunkuyinsa, shi kuma yana gaya wa masu wucewa cewa gwajin launi ne, kowane babban artis da dabba yake fara gwadawa.

Da gari ya waye aka rage iska, aka shiga zanen raƙumi. To, ƙofar a kwance take a ƙasa, shi kuwa gwanin namu zagaya ta yake yi yana feshi yana surutu, har ya manta ina ne sama ina ne ƙasa. Da ya miƙe ya ce a zo a gani, mutane suka yi cirko-cirko, kowa ya karkata kai.

Wani ya ce, "Zabuwa ce?"

Yabawa ta leƙo ta kan zana ta ce, "Buta ce ta yi ƙafafu."

Wani dattijo da ya zo daga Kelle da raƙumansa ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Ɗana, tun ina yaro nake kiwon raƙuma. Ban taɓa ganin mai tozo a ciki ba."

"Baba, na aljanu ne. Nasu a ciki yake."

"To fukafukan me suke yi a wuya?"

Abarshi ya cika kofi da fenti ruwan toka, ya bi raƙumin nan ya binne shi kaf.

Inusa ya ce, "Raƙumin fa?"

"Yana cikin hayaƙi. Ba na ce wuta na fita ta hancinsa ba? Ina ka taɓa ganin wuta ba hayaƙi?"

Takobi ya fito kamar muciya, ya shiga hayaƙi. Walƙiya ta ɗan yi kyau, sai kazar Yakura ta bi ta kai ta yi sintiri, har ta bar tsaraba, ita ma ta shiga hayaƙi. Hannuwan dodon ɗaya ya fito da yatsu kamar nonon saniya, ɗayan kuma daga kunne ya tsiro. Hayaƙi. Kafin jajibirin kasuwa, ƙofar nan duk ta zama hayaƙi, sai wani fili a tsakiya da ya rage don fuska.

Amma a faɗi gaskiya ko don Allah, fuskar ta yi. Ko dace ne, ko kuwa kallon da ya yi wa masu aiki a Sabha bai tafi a banza ba, oho. Ƙatuwar fuska koriya, jajayen idanu, ƙaho biyu, haƙora zaƙo-zaƙo. Yabawa ta leƙo ta yi a'uziyya ta ce, "Kai, wannan kam ya yi muni." Abarshi ya ji kamar an naɗa shi sarauta. Ita kanta Yakura da ta fito zubar da ruwa sai da ta tsaya, ta fara tunanin ko dai Baba zai nemi wani birin da gaske.

Saura gashi da gira. Ya buɗe gwangwanin baƙin fenti ya tarar ya yi kauri kamar tuwon jiya, ruwan da ake tsinka shi kuma duk ya tafi a hayaƙi da wankin rago. Ya waiga ya hango galan ɗin baƙin man da Inusa ya juye daga injin wata mota, wanda ya biyo kayan injin iska. Ya tsiyaya, ya dama, ya ga abu ya yi laushi yana ƙyalli.

Inusa ya ce, "Baƙin mai a fenti?"

"Yi shiru, kar a ji. Sirrin Larabawa ne."

Ya fesa wa dodon gashi cunkus, ya yi masa gira mai kauri, ya sake bi, ya ƙara bi, har baƙin ya taru ya kwanta yana sheƙi. Sannan ya kafa 'yan sanduna a gefe ya rufa tamfol a kai, wai kar mahassada su sace masa fasaha.

Yakura ta ce, "Maigida, ya bushe kuwa?"

"Irin wannan a tsaye yake bushewa. Ke dai tanadi guɗa."

Ranar kasuwa da hantsi aka kai ƙofar tasha, aka ɗaga ta tsaye, aka ɗaura a bayan kamiyo, tamfol na rataye a gabanta. Labari ya riga ya zaga gari. Masu kanwa, masu dabino, matan da suka zo da nono daga rugage, mutanen garin Gidigir da suka kawo hatsi, kowa ya bar kayansa ya zo ganin dodon da zai kori Bafulatani. Alhaji Isufu ya sha farar babbar riga, ya kafa hula, tsagar gadonsa ta Barebari tana sheƙi a kumatu. Husseini ya zo ya dogara da sandarsa a sahun gaba, Yakura da Yabawa suna gefe cikin mata.

Da Abarshi ya yaye tamfol nan take, wataƙila da ya tsira. Ina! Ya ga taro. Ya hau kan taya, ya manta da jiri, ya shiga jawabi. Ya ba da labarin zaki da karnuka. Ya gargaɗi masu juna biyu su ja baya. Ya ce mai ciwon zuciya ya rufe ido. Rana ta take, ƙarfe ya ɗau zafi, shi kuwa sai zuba yake yi kamar kanya.

Husseini ya ce, "Aradu in ba ka buɗe ba shanuna za su tsufa."

"Riƙe sandarka da kyau, Bafulatani."

Ya fizge tamfol.

Dodo na nan, ƙaho na nan, haƙora na nan. Amma baƙin man nan da ya ji rana ya narke ya gangaro. Layi ɗaya ya sauko daga gashi ya ratsa tsakiyar goshi har karan hanci. Daga kowace gira kuma layuka sun zubo a kumatu, sambal-sambal, a jere, ko wanzami sai haka.

Husseini ya dubi dodon. Ya juya ya dubi Alhaji. Ya sake duban dodon. A hankali ya cire malfarsa, ya durƙusa a gaban kamiyo.

"Barka da hutawa, kakan Alhaji. An zo lafiya? Ya mutanen ƙarƙashin ƙasa?"

Wayyo Allah, dariya! Matan rugage suka ajiye ƙore suna riƙe ciki. Wani ya sheƙa kasuwar shanu yana kira, kafin ka ce kwabo Fulani sun cika tasha, abin nema ya samu. Wannan ya ce dama sun daɗe suna zargi, wancan ya ce ga hancin ma iri ɗaya. Wata tsohuwa Babarbariya ta matsa kusa ta ƙare wa kumatun kallo, ta ce ita dai ba ruwanta, amma tsagar ta fita fiye da ta mijinta. Yakura ta ja mayafi ta toshe baki, kafaɗunta na rawa.

Alhaji ya ce, "Abarshi."

"Na'am, Alhaji."

"Ina raƙumina?"

"Yana cikin hayaƙi."

"Takobin fa?"

"Suna tare."

"To wannan a kumatunsa mene ne?"

"Hawaye ne, Alhaji. Kuka yake yi don tausayin abokan gabanka."

"Hawaye ta goshi?"

Abarshi ya ji dabinon surukinsa na matsowa. Ya ce a ba shi ɗan lokaci, ƙaramin gyara ne. Rumfar Inusa na nan bakin tasha, aka jawo injin iska. Ya cika kofi da fenti ruwan ɗorawa, ya fesa wa dodon malfa a tsakanin ƙahonni, ya ja masa doguwar sanda a bayan wuya irin riƙon makiyaya.

"Jama'a ku duba da kyau! Bafulatani ne!"

Barebari suka ɗauki sowa, Alhaji ya fara murmushi. Husseini ko gezau. Ya nuna kumatun da bakin sandarsa.

"Tsagar ta wa ce?"

Barebari suka dubi juna.

"To kun gani. Babarbare ne ya sace mana malfa da sanda. Jama'a a tare ɓarawo, ga shi nan zai hau mota ya gudu Damagaram!"

Wannan karon har Barebarin sai da suka dara. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Gumi ya karyo wa Abarshi. Ya sa tsumma zai goge layukan, suka ƙara tsawo har haɓa. Sai dabara ta faɗo masa: iska mai ƙarfi za ta kore baƙin ta mai da shi cikin gira. Ya ce wa Inusa ya buɗe injin gaba ɗaya.

"Gaba ɗaya fa ka ce?"

"Buɗe, malam, ana kallona!"

Daidai lokacin Alhaji ya matso, ya sunkuyo yana son ya ga abin da ake yi wa ƙofarsa. Garin sauri Abarshi ya cire kofin ruwan ɗorawa ya ɗaura wani, bai lura cewa sauran koren fenti ne a ciki ba. Ya danna. Fistole ya yi tari, murfin kofi ya yi tsalle, tas! Abin da ke ciki duk ya tashi ya sauka a fuskar Alhaji Isufu, daga hula har gemu, ragowar ta bi farar riga.

Alhaji ya miƙe a hankali, ya buɗe ido. Ga shi tsaye a gefen ƙofar motarsa, fuska koriya shar, idanu sun yi ja don yajin fenti, tsaga ta fito raɗau.

Husseini ya zube ƙasa yana shure-shure. Da ƙyar ya iya magana.

"Ga su nan, wa da ƙane! Don Allah wanne za a ɗaura a motar?"

Yabawa ta rangaɗa guɗa ta ce, "Alhaji, ka yi nesa da tumaki!"

To, da abokin wasa ba a fushi, ko me ya faɗa sai dai ka haɗiye ka jira ranarka, haka aka gada. Alhaji ya buɗe baki zai yi wa Husseini magana, ya tuna, ya rufe. Amma fushi in ya taso dole ya sami masauki. Ya juyo kan Abarshi.

"Artis."

"Alhaji, a Libi..."

"Rufe mini baki! Ka ga rairayin nan? Allah ya hore mana shi a Gure, ba saye ake yi ba. Ɗebo ka dirje ƙofar nan har in ga fuskata a ciki. Tawa ta gaskiya!"

"Rumfar fa, Alhaji?"

"Rumfa? In na sake ganin bindigar nan a tasha, da ita zan yi maka kaciya ta biyu."

Husseini ya taso yana share hawaye, ya roƙi a bar dodon, ya ce zai ba da bijimi sukutum in dai motar za ta riƙa yawo da kakan Alhaji a baya. Alhaji ya kai masa duka da hula, dariya ta ƙwace masa shi ma, suka tafi rumfar Inusa neman abin wanke fuska suna zagin kakannin juna.

Kasuwa ta koma cinikinta. Aka bar Abarshi durƙushe a bayan kamiyo da tulin rairayi da tsumma, yana dirzar hayaƙi. Da ya ɗan dirza sai ƙafar raƙumin ta leƙo, ya yi maza ya rufe da jikinsa. Duk wanda ya tsaya kallo sai ya ce masa wannan ma wani mataki ne na aikin, ba kowa ya san shi ba.

La'asar sakaliya Yakura ta zo ta ajiye masa kwanon fura. Ta tsaya har ya sha. Da ya ajiye kwanon ta ce, "Baba ya ce da sassafe. Da bishiyar bakin rijiya za ka fara."

Abarshi ya dubi hagu ya dubi dama, ya ga ba mai jin su, ya rage murya.

"Yakura, tsakaninki da Allah, doguwa ce?"

Ta ɗauki kwanonta ta gyara mayafi.

"Kwantar da hankalinka, maigida. Ba ta kai labarinka tsawo ba."